Zaburar da Aka Naɗe Ƙosai da Ita

Ku 'ya'yana, kun taso kuna jin mutanen Muchiya suna kirana Mai Zabura, kuma na san kowannenku ya ji dalilin sunan daga bakin da ba nawa ba. Ladi ta ji an ce na so in shigar da waƙar rawa cikin sujada. Istifanus ya ji an ce na yi wa Fasto ƙarya. Ba haka aka yi ba. Tun da Allah ya sa hannuna ya iya riƙe biro, bari in rubuta muku yadda abin ya faru. In kun ga rubutun ya karkace, ku yi haƙuri, da girma na koya.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin gadina a gidan wata Ba'amurkiya da ke koyarwa a jami'a, can rukunin gidajen malamai a Samaru. Madam Dakta muke ce mata. Kullum da safe in taka keke daga Muchiya, in share tsakar gida, in yi shuka, in yanke ciyawa. Tana da piyano a falo, kuma kowace la'asar, daidai lokacin da nake ba fulawowi ruwa a bayan tagarta, sai ta zauna ta kaɗa. Akwai wata murya da take rufewa da ita kullum, mai tafiya a hankali kamar mace ta ɗauko ruwa a ka ba ta son ya zube. Ban taɓa zama na koye ta ba. Da kanta ta shige ni, har na riƙa binta da fito ban sani ba.

A shekarar da wayar hannu ta fara shiga hannun 'yan acaɓa, na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in da bakwai. Sau uku a mako muke zama a wata firamare a Sabon Gari, a kan bencin yara, gwiwoyinmu suna tokare da tebur. Wasu sun zo don su iya sa hannu a banki, wasu don karanta takardar asibiti. Ni abu ɗaya ya kai ni. Na yi shekara ashirin cikin ƙungiyar mawaƙa ta cocinmu, ina riƙe littafin waƙoƙi a buɗe, ina satar kallon na kusa da ni, in ya juya shafi in juya. Kowace Lahadi a kira wani ya fito ya karanta nassi, har yaran da aka haifa a gabana, ni kuwa ba a taɓa kirana ba, kuma kowa ya san dalili. Burina shi ne in tsaya gaban jama'a sau ɗaya in karanta abu da bakina.

Da damina ta faɗi, Madam ta yi ritaya za ta koma ƙasarsu. Ranar da ake haɗa kaya ta kira ni falo, ta nuna mini wani kwali cike da tsofaffin takardu, sun yi ja saboda daɗewa. Hausarta irin ta littafi ce, a hankali take jera ta.

"Bitrus, waɗannan na kakana ne. Na ɗebi waɗanda ya yi rubutu a jikinsu, sauran sun yi wa jirgi nauyi. Kai mai waƙa ne, ka riƙe su."

Ta ce kakanta Bayahude ne, daga ƙasar Rasha ya shiga jirgin ruwa yana saurayi ya sauka New York. Ya sami aiki a wani shago inda ake buga waƙoƙi a takarda ana sayarwa, domin a zamanin babu rediyo, duk gidan da ke da piyano takarda yake saya kamar yadda muke sayen kaset. Ta ce da yawa cikin masu irin shagunan nan da masu tsara waƙoƙin Yahudawa ne, mutanensu. Sai ta zaro guda ɗaya ta ɗora a sama.

"Wannan ita ce wadda kake bi da fito a bayan tagata."

Ku lura da kyau, matar nan ba ta faɗa mini ƙarya ko ɗaya ba. Ni ne na ji kalma biyu, Yahudawa da waƙa, na ƙarasa sauran da kaina. Mutumin da duk saninsa da kunne ya same shi a bencin coci, in ka ce masa Yahudawa sun yi waƙa, wa zai tuna in ba Dauda da garayarsa ba? Na ɗaure kwalin a bayan keke ina tafe a hankali kamar na ɗauko ƙwai. Ban tambaye ta komai ba.

Kuskurena na biyu, ban gaya wa mahaifiyarku abin da ke ciki ba. Na tura kwalin ƙarƙashin gado, na ce sai karatuna ya nuna tukuna. To, shekara goma sha ɗaya ina kawo wa mahaifiyarku Rifkatu tsofaffin jaridu da takardun jarrabawa daga gidan Madam, da su take naɗe ƙosai a bakin titi. Ta ga kwali daga Samaru, me za ta ɗauka? Da na jawo shi bayan mako uku, ya rage saura rabi. Wadda Madam ta nuna mini kuwa, bangonta kaɗai na tarar.

"Maman Ladi! Ina cikin takardar nan?"

"Wace? Au, masu zanen nan kamar tsuntsaye sun jeru a wayar lantarki? Ai sun fi jarida shan mai. Bangon ne ba shi da amfani, santsi gare shi, shi ya sa na bar maka."

"Kin san abin da kika yi? Zabura kika naɗe ƙosai da ita!"

Ta dafa ƙirji. Ta ce in roƙa mata gafara, ba ta sani ba, ranar ko abincin kirki ba ta ci ba. Har yau in na tuna yadda na tsorata ta a banza, kunya takan kama ni.

Na ɗauki bangon na zauna da shi a ƙofar ɗaki. Akwai hoton wata ya fito a kan kogi, itatuwa sun sunkuya har ganyensu yana taɓa ruwa. A ƙasa akwai suna da manyan baƙaƙe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, na kwafe a littafina, washegari na nuna wa malamarmu ta yaƙi da jahilci. Ta ce sunan mutum ne, Ishaku ke nan da Turanci. Na koma na kwafo na sauran bangwayen, ta karanta mini: Sama'ila, Haruna, Lawi. Ai sai na ji kamar an buga mini hatimi. Kogin nan ma na ce shi ne wanda bayin Allah suka zauna a bakinsa suka yi kuka da aka kwashe su bauta. Gaskiya akwai wasu bangwayen masu hoton mata da laima, da maza masu malafa suna murmushi. Na gan su sarai. Na ce wa kaina wataƙila ɓangaren Waƙar Sulemanu ne, na mayar da su ƙasan kwali.

Shugaban mawaƙanmu a lokacin Malam Yohanna ne, malamin firamare, mutum mai zafin nama. Irin rubutun kiɗa na layi biyar da ɗige-ɗige bai iya ba, babu wanda ya iya a cocinmu. Namu na do-re-mi ne, da baƙaƙe ake rubuta shi a allo. Na kai masa bangon, na ba shi labari yadda na fahimta, na rera masa muryar da hanci. Ya karanta Turancin da ke sama ya ce maganar hasken wata ce a bakin kogi, ya yi daidai da abin da na faɗa. Ya sa na maimaita muryar har sau shida yana rubutawa. Cikin mako guda ya ɗora mata kalmomin Hausa na godiya ga Allah da ya ba da ruwa, ya ba da dawa da masara. Ranar da muka fara haɗa ta da murya huɗu, wata tsohuwa da ke share coci ta ajiye tsintsiya ta zauna.

Fasto ya ji, ya ce da ita za a buɗe sujadar godiya ta kaka. Ya sanar a gaban jama'a cewa ɗan'uwanmu Bitrus ya samo mana muryar yabo daga wurin Yahudawa, kuma shi da kansa zai fito ya karanta tarihinta kafin a rera. Mutane suka waiwayo suna dubana. Malam Yohanna ya rubuta mini rabin shafi da manyan baƙaƙe, farkonsa yana cewa wannan murya ta zuriyar Dauda ce, da ita suke yabon Ubangiji a bakin kogi. Mako uku ina bitar takardar nan. Na karanta wa keke, na karanta wa awakin maƙwabta, na karanta wa mahaifiyarku har ita ma ta haddace. Na kai babbar rigata wajen mai guga tun saura kwana goma.

Saura kwana takwas, ranar Asabar da safe, ina taya Rifkatu hura wuta sai ga Baba Ojo. Tsohon akawun jirgin ƙasa ne, Bayarabe, a Sabon Gari aka haife shi, kuma shi ya yi shekaru yana kaɗa ogan a babban cocin Yarabawa kafin ƙafa ta hana shi hawa bene. Kullum yakan aiko a sayo masa ƙosai, amma ranar da sandarsa ya zo da kansa.

"Maman Ladi, takardun nan da kika riƙa naɗo mini ƙosai da su kwanan baya, sun ƙare ne? Wata biyu ina jira, sai jarida nake gani."

Ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Na ce masa ai kuskure aka yi, takardu ne masu tsarki.

"Masu tsarki?" Ya gyara tabarau. "Ɗana, biyo ni gida."

A ɗakinsa akwai ƙaramin ogan irin wanda ake taka wa iska da ƙafa. A kan ogan ɗin ga takardunmu a jere, duk da tabon mai. Ashe tun ranar da ya buɗe ƙosai ya ga rubutun kiɗa, ya riƙa ninka sayensa don ya sami shafi biyu, yana goge su da dutsen guga yana haɗa waɗanda suka dace. Ya ce ƙosai ya kusa kashe shi a watan nan. Ya zaɓi wasu shafuka uku, ya zauna, ya taka. Bai kai layi biyu ba na gane muryar.

"Baba, ita ce! Zaburarmu ke nan!"

Ya ɗaga hannu daga ogan. Ya dube ni ta saman tabarau, ya sa na ba shi labari tun daga farko. Da na gama ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na miƙa masa ruwa. Sa'an nan ya kira ni kusa, ya nuna mini ƙananan kalmomin Turanci da ke ƙarƙashin ɗige-ɗigen, yana bi da yatsa yana mayar mini da Hausa. Wani saurayi ne yake lallashin budurwarsa ta fito su shiga kwalekwale tun da wata ya haska, ya ce babarta ta yi barci, kada ta sa takalmi mai ƙara. Babu Dauda, babu bauta, babu kuka a bakin kogi. Ya ce irin waƙoƙin da ake yi a gidajen wasa ne da falon mutane, don nishaɗi, masu shago su sami na abinci.

"To amma Yahudawa ne suka yi ta," na ce.

"Yahudawa ne mana. Su ba sa neman aure? Kai Kirista ne, duk abin da ka rera a duniya na coci ne?"

Na zauna a bakin gadonsa. Da ya ga yadda fuskata ta koma, ya daina dariya. Ya ce in kwantar da hankalina, a duk Zariya bai san mutum uku da za su gane muryar nan ba, shi kuwa bakinsa a rufe yake. Ya ce kalmomin da Yohanna ya ɗora masu kyau ne, Allah ba zai ƙi godiya don muryar ta taɓa shiga kwalekwale ba. In tafi in yi karatuna.

Kwana biyar ina juya maganar. Ban ga laifin muryar ba, har gobe ban gani ba. Rabin shafin nan ne ya tsaya mini. Da ban sani ba, kuskure ne. Yanzu na sani. Na gwada bitarsa a bayan gida, da na zo kan zuriyar Dauda sai harshena ya yi nauyi. Na gaya wa Rifkatu tana surfa wake. Da farko ta ce, "Wato azumin da ka sa ni na banza ne?" Ta yi dariya har ta saki taɓarya. Daga baya ta natsu.

"Baban Ladi, shekara ashirin kana jiran ranar nan. In ka faɗa, ƙwace karatun za su yi, ka san halin dattawan nan."

"Na sani."

"To me za ka yi?"

Na ce mata ban zauna a bencin yara da furfurata don abin da zan fara karanta wa jama'a ya zama ƙarya ba. Ta ɗauki taɓaryarta ta ce, "To ka ci abinci kafin ka tafi, kada ka je ka faɗi a gabansu."

Ranar Alhamis da yamma wajen bita, kafin Malam Yohanna ya ɗaga hannu, na miƙe. Na ajiye shafuka ukun da na aro daga Baba Ojo a kan tebur, da tabon mansu, na faɗi komai, har da hotunan mata masu laima da na tura ƙasan kwali. Da na zo kan takalmi mai ƙara, 'yan matan da ke layin gaba suka fashe, wata har ta faɗo daga benci. Malam Yohanna bai yi dariya ba. Ya karanta Turancin da kansa, ya ninke tabaraunsa.

"Bitrus, ka sa na tsaya gaban Fasto na yi rantsuwa a kan abin da ban bincika ba."

Dattawa suka zauna ranar Asabar. Na ji an ce ɗaya ya ce murya ba ta da addini, a bar ta. Wani ya ce in labari ya fita sauran coci-coci za su mayar da mu abin dariya har shekara goma. Na biyun ya yi rinjaye. Aka cire waƙar, aka cire karatuna tare da ita. Ranar godiyar kaka na sa babbar rigar da aka goge, na ɗauki damin dawa na kai gaba kamar kowa, na dawo na zauna. A bakin ƙofa wani ya ce, "Mai Zabura, ina kwalekwalen?" Sunan ke nan har yau. Malam Yohanna ya yi wata huɗu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Wannan ya fi sunan yi mini zafi, domin gaskiyarsa ce, ni na jawo masa.

Wasiƙar farko da na rubuta a rayuwata ga Madam Dakta ce. Kwana huɗu na yi a kanta. Amsa ta zo bayan Kirsimeti, da Hausarta ta littafi. Ta ce ta yi dariya, ta kuma yi hawaye kaɗan. Ta ce aikin kakanta shi ne ya zauna a shago tun safe yana kaɗa wa masu saye sababbin waƙoƙi don su ji su saya, har yatsunsa su kumbura. Ran Asabar kuwa yakan je majami'arsu ya rera Zabura ta gaske da harshen kakanninsa, amma wannan ba a takarda ya bar ta ba, a bakinsa take, da ita aka binne shi. Ta ce ya sha faɗa cewa waƙar kwalekwale ce ta ciyar da 'ya'yansa, don haka ba ya raina ta. Na karanta wasiƙar nan ni kaɗai, ba wanda ya taya ni ko da kalma ɗaya.

Karatun nassi ya zo daga baya, wata Lahadi da aka yi ruwa da safe mutane ba su cika ba, kuma Malam Yohanna ne da kansa ya ba da sunana. Na yi tuntuɓe sau biyu, na kai ƙarshe. Na gode wa Allah. Amma ku sani ba shi ne karo na farko da na karanta wa wani mutum abu na gaskiya da ƙarfi ba. Tun kafin ranar nan, sauran kwalin na kai wa Baba Ojo, tun da shi ke iya sa takardun su yi magana, shi kuma ya bar mini shafukan nan uku. Na roƙe shi ya sake faɗa mini kalmomin da Hausa, yana faɗa ina rubutawa, layi bayan layi. Na dawo gida da la'asar na tarar da mahaifiyarku a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na tsaya a gabanta kamar yadda na yi niyyar tsayawa a coci, na buɗe littafina, na karanta mata tun daga wata ya haska har zuwa takalmi mai ƙara. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ba ta ɗago kai ba, amma na ga hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Kai da ko rafin ƙauyenku ba ka iya tsallakewa sai an riƙe maka hannu," ta ce, "wane kwalekwale za ka sa ni?"

Na rufe littafin zan wuce ɗaki.

"Ina za ka? Sake karanto wurin watan nan, ban ji da kyau ba."

Shafukan suna cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin takardar baftismarku, tare da bangon. In kun zo rabon kayana kuka ga tsofaffin takardu masu tabon mai, kada wanda ya ce shara ce. Ku ba mahaifiyarku. Ta san muryar, takan yi ta da hanci in tana suya, in ta ɗauka ba na ji.